Kaluluwar wuya

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Gaya, bakin kogin Kwara.

Ina da wani ɗalibi, dattijo, masunci. Kwana uku bai zo karatu ba, sai na je gidansa. Na tarar da shi zaune jugum. Na ce: "Baba, lafiya?" Ya ce: "Malam, jikana ne. Ƙullutu ya fito masa a wuya. Ciwon barci ne, na sani. Gobe wanzami zai tsaga shi."

Tsoronsa yana da dalili. Ƙudan tsando yana zama cikin duhuwar bakin ruwa. In ya ciji mutum, yakan zuba masa ƙwayar cuta cikin jini. Sai zazzaɓi da ciwon kai su biyo, kaluluwa ta fito a bayan wuya. In an yi sakaci, cutar ta kai ƙwaƙwalwa. Mutum ya yi ta barci da rana, dare ya yi ido biyu, har ya mutu. A 1932 wani likitan Faransa, Jamot, ya kafa aikin yaƙi da ita a Wagadugu. Ma'aikata suna bin ƙauyuka, suna jera mutane suna taɓa wuyansu. Baba ya ji labarin nan daga bakin mahaifinsa.

Amma yau cutar ta yi ƙaranci ƙwarai. A 2018 waɗanda aka samu da ita a duniya duka ba su kai 1000 ba, yawancinsu a Kwango.

Na roƙe shi ya dakatar da wanzami. Ya ƙi. Na koma da dare, na sake roƙo. Da ƙyar ya yarda. Da safe muka kai yaron asibiti. Aka yi awo, aka ce ba ciwon barci ba ne. Ƙwayar tarin fuka ce ta zauna a kaluluwar. Aka ba shi maganin wata 6, kyauta. Baba da kansa yake karanta ranakun komawa a takarda. Yanzu yaron yana bin kakansa su.

'Yan'uwa, ƙullutun wuya iri-iri ne. Akwai na ciwon haƙori, akwai maƙoƙo, akwai na tarin fuka. Ido ba ya rabe su, sai awo. In ya wuce mako biyu bai sace ba, kada a sa aska. A tafi asibiti.