Fim Biyu Da Ban Ji Kunyar Ambata Ba

Na san wasu za su ce me ya haɗa mai jan salla da zancen fim. To, yaranmu kallo suke yi ko mun so ko mun ƙi, kuma wanda ya ce wa yaro "bari wannan" bai nuna masa wani ba, bai gama aikinsa ba.

Na farko daga Ostireliya yake, ƙasar da yawancinmu ba mu san tana fim ba ma. Sunansa Rabbit-Proof Fence, ya fito a 2002, Phillip Noyce ya ba da umarni. Labari ne na gaske. A 1931 hukuma ta ƙwace yara mata uku, Molly da Daisy da Gracie, daga hannun iyayensu mata a Jigalong, don kawai su ruwa biyu ne, uwa 'yar asalin ƙasa, uba Bature. Aka kai su sansanin Moore River a koya musu aikatau. Molly, 'yar shekara 14, ta ja ƙannenta suka gudu. Abin da suka bi shi ne wani dogon shingen waya da aka kafa don tare zomaye, domin ta san ya ratsa ta garinsu. Mako tara suna tafiya a ƙasa. Gracie aka sake kama ta a hanya.

Inda ya fi taɓa ni ƙarshensa ne, da aka nuno Molly da Daisy na ainihi sun tsufa tukuf. An sake ɗauke Molly bayan ta yi aure, ta sake takowa gida da jaririya a hannu, ita ma jaririyar daga baya aka ƙwace ta, ba su ƙara haɗuwa ba. Sai a Fabrairun 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafarar mutanen nan a majalisa. Babu rawa a ciki, babu waƙar soyayya. Da Turanci ake yawancin maganar, amma wallahi ko ba ka jin Turanci za ka gane kukan uwa.

Na biyun namu ne, mu muka yi watsi da shi: Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Nan ma yaro aka raba da uwarsa, ya ƙare a Masar hannun Balarabe Abdulkarim, ita kuma ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, Jamusawa suka gyara, aka nuna shi a Berlin a 2018. Ku tambayi samarin da ke zama gidan kallon ƙwallo ko sun taɓa jin sunansa. Hukumar nan ita ke shirya bikin fina-finai na Zuma a nan Abuja, amma mu 'yan kasuwa ko labari ba ma bi.

Dalilin da ya sa na haɗa su, abin bai zama tarihi ba tukuna. A 2019 'yan sanda suka gano yaran Kano tara da aka sace aka kai Anambra, kowa ya yi Allah wadai. Amma akwai irin wanda ba ma kira sata. Gida nawa a unguwar nan ke da 'yar aiki 'yar shekara tara ko goma, wadda wata dillaliya ta kawo daga ƙauye? Kuɗin aikinta hannun dillaliya yake shiga, ba ta boko, ba ta Islamiyya, wata tun da aka sauke ta a tashar Zuba uwarta ba ta ji muryarta ba. Mun san hadisin da ya yi kashedi mai tsanani a kan raba uwa da ɗanta, kuma a kan bayi ma aka yi maganar, balle 'ya'ya.

Shawarata, a kalli na Ostireliyan a tsakar gida bayan Isha, maigida da uwargida da yara, ita ma 'yar aikin a ba ta tabarma ta zauna. Shaihu Umar kuwa samunsa da wuya. Na kawo wa kwamitin makarantarmu shawarar mu rubuta wa hukumar takarda, mu roƙi a kawo mana shi filin makaranta a haska a bango. Wanda zai sa hannu ya same ni a shago.