Linzami Biyu, Jirgi Ɗaya

Duk manomin da ya taɓa ɗaura wa shanun huɗa karkiya a gonakin Tasawa, ko a bakin Gulbin Kaba ta wajen Mayahi, ya san cewa ba ƙarfin sa kaɗai ke miƙar da kunya ba. Idan ɗaya yana zabura tun kafin a rufe baki, ɗayan kuwa sai an tsikare shi, garma karkacewa za ta yi ko da girmansu ɗaya. Irin wannan matsala ce ke jiran matashin waɗannan garuruwa da ya ƙudurta ƙera ƙaramin jirgin sama mai inji biyu, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot.

Kowane injin lantarki na irin wannan jirgi yana da 'yar na'urar da ke tsakaninsa da batir, wadda 'yan kasuwa ke kira ESC. Sunan da ya fi dacewa da ita a Hausa shi ne linzami, domin ita ce ke karɓar umarnin matuƙi ta ce wa inji ya taka ko ya sassauta. Inji biyu, linzami biyu. To amma wanda ke nesa da manyan kasuwanni ba ya zaɓe: ɗaya ya zo masa daga Kano ta hanyar Maraɗi, ɗaya kuma ya ciro daga wani mataccen jirgi. Haɗe-haɗe ba abin kunya ba ne a ƙasar Hausa. A shekarar 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda Civic. Sai dai nasa inji ɗaya ne, ba shi da abokin tafiyar da zai saɓa da shi.

Abin da ido ke fara kamawa, wato lambar da ke jikin linzami, shi ne mafi ƙarancin haɗari. Amfiya 30 ko 40 iyakar abin da na'urar za ta iya ɗauka ce kawai. Idan kowane inji amfiya 20 yake ja, duka biyun sun wadatar. Saɓanin yana ɓoye ne a cikin hali.

Na farko, fahimtar umarni. Saƙon da ke isa ga linzami ɗan bugu ne na lantarki, tsawonsa daga kashi 1 zuwa kashi 2 cikin 1000 na sakan. Gajeren yana nufin tsaya, dogon yana nufin iyakar gudu. Linzaman kamfanoni dabam-dabam ba lallai su yi wa abin da ke tsakani fassara ɗaya ba, sai farfelar dama ta riga ta hagu motsi, jirgi ya kauce tun bai bar ƙasa ba.

Na biyu ya fi muni, shi ne lokacin janyewa. Kowane linzami yana kare batir: idan ƙarfin ɗaki guda na batirin ya sauko kusa da bolt 3, sai ya rage wuta ko ya yanke ta. Wani a hankali yake ragewa, wani kuwa farat ɗaya. Da yawansu ma suna janyewa idan suka yi zafi, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin jihar Maraɗi ke haura digiri 40, ƙaramin ne zai riga gajiya. Inji ɗaya ya mutu, ɗaya na ruri, sai jirgi ya juya ta ɓangaren mataccen, fiffike ya faɗi, tanadin watanni ya tarwatse a cikin gonar gero. Matuƙan manyan jirage masu inji biyu ma sai an horar da su musamman a kan wannan yanayi.

Saboda haka mai hankali yakan fi son tagwaye, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Idan hali bai yi ba, sai ya sasanta na hannunsa tun a ƙasa. Zai cire farfeloli, ya koya wa linzaman biyu farkon umarni da ƙarshensa a lokaci guda, ya daidaita musu matakin yankewa, ya kashe birkinsu. Idan kowanne yana ba na'urar karɓar saƙo wuta, sai ya zare jar wayar ɗaya don kada su yi ta-in-ja. Sannan ya mayar da farfeloli, wani ya riƙe masa jirgin, ya ƙara wuta sannu a hankali yana kasa kunne. Inji biyu da suka daidaita kusan murya ɗaya suke yi. Waɗanda suka saɓa kuwa, ƙararsu kan riƙa hawa da sauka kamar ana kaɗa ta.

In kuwa duk da haka ɗaya ya mutu a sama, zuciya za ta ce a ƙara wa mai rai wuta. Daidai shi ne a kashe shi shi ma, a sunkuyar da hancin jirgi kaɗan, a bar shi ya sulalo ya sauka a kan yashi.