Shekarar da Murar Tsuntsaye Ta Sauka a Jaji

Kafin 2006, mutuwar kaji lokacin hunturu ba labari ba ne a ƙasar Hausa. Kowace uwargida ta san alamar: kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, a watsa tsaba ta ƙi ko kallo. Abin yi kuwa sananne ne, a miƙa wa maigida ya yanka tun ba ta zama mushe ba, yara su fige, a sa a tukunya. Sauran kajin kuma a jiƙa musu barkono ko sassaƙen maɗaci a ruwan sha. Babu wanda ya taɓa tunanin cewa mutuwar kazar akurki magana ce da ta shafi hukuma, balle a ce ciwonta zai iya kama mutum.

A cikin Janairun 2006 kaji suka fara zubewa a gonar Sambawa da ke Jaji, jihar Kaduna, har kimanin dubu 40 suka mutu. Aka ɗebi samfuri aka kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, daga nan aka tura Padova ta ƙasar Italiya. Sai ranar 8 ga Fabrairu aka bayyana cewa murar tsuntsaye ce mai tsanani, nau'in H5N1, karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin Afirka. Kusan wata guda ke nan ana jiran sakamako, alhali motocin kaji da na ƙwai da na kashin kaji suna ta zirga-zirga. Kafin a farga ta ɓulla a Kano da Filato da Bauchi da Katsina, a ƙarshen watan kuma aka same ta a agwagin Magarya ta Jamhuriyar Nijar.

Wanda ya ga kwanakin ba zai manta ba. Mutane suka ƙaurace wa kaza da ƙwai, mai shayi ya rasa mai cewa a soya masa, 'yan kaji suka yi ta hamma a rumfa. Ma'aikata cikin fararen kaya, fuska a rufe, suna shiga gonaki suna kashe kaji, a haƙa rami, a ƙona, a binne.

A ganina, inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen diyya. Gwamnatin Obasanjo ta yanke naira 250 kan kowace kaza, kuɗin da bai kai abin da mai kaza mai yin ƙwai ya kashe a kanta ba. Kuma kazar da jami'ai suka kashe da hannunsu ake biya, wadda ta mutu kafin su iso asarar mai ita ce. To mutumin da ya ci bashi ya zuba kaji dubu biyu, ya wayi gari ya ga hamsin a kwance, me ake jiran ya yi? Da yawa sun loda ragowar a mota da daddare, suka karyar a kasuwa, cutar ta bi su. Ba na wanke su, domin sun jefa maƙwabta cikin asara. Sai dai dokar da ta sa mai faɗin gaskiya ya fi mai ɓoyewa shan wahala, ita ma tana da nata alhakin. Daga baya an ƙara kuɗin, amma yarda ta riga ta yi rauni.

Matan karkara kuwa, waɗanda kaji goma da 'yan zabbi su ne asusunsu na sabulu da magani da kayan ɗakin 'ya, su aka fi bari a baya. Ba su da rajista, ba su da ƙungiya, likitan dabbobi bai san hanyar gidansu ba. Su ne kuma masu figa da fiɗa da hannu, wato hanyar da cutar ta fi bi ta kama ɗan Adam, domin naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da ita. A Janairun 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu a Legas, gwaji ya tabbatar da cewa H5N1 ce. A duniya baki ɗaya, kusan rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu da wannan nau'in ba su tashi ba.

An yi abin kirki bayan haka. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50, aka inganta ɗakin gwaji na Vom, aka naɗa jami'an sa ido a jihohi, ana feshi a kasuwannin kaji, rediyo na ta faɗakarwa. Bayan 2008 cutar ta lafa. Da kuɗin shirin suka ƙare sai feshin ya ja baya, kwanon ruwan magani da ake tsoma ƙafa a ƙofar gona ya bushe. A farkon 2015 ta dawo ta Kano da Legas, masu kiwo suka sake kukan jinkirin diyya, ta kuma sake dawowa a 2021.

Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu su ware kuɗin diyya su ajiye tun lafiya lau, su biya cikin makonni, su sa masu kajin gida a lissafi. Mai kiwo kuma da ya ga kajinsa na mutuwa da yawa a dare ɗaya, kada ya yanka, kada ya kai kasuwa, ya hana yara taɓa su, ya sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.