ANTI MAY BA ITA TA HAIFE SHI BA

'Yan uwana mata, da wuya yau ki shiga gida mai yara ki rasa Spider-Man. In ba ya jikin jakar makaranta, yana jikin rigar sanyi, ko yana tsalle a cikin wayar yayansu. Mu iyaye abin da ke haɗa mu da shi bai wuce, "Kai kashe katun ɗin nan ka zo ka ci abinci!" ba. To ni da yake a gaban talabijin nake tsintar shinkafata, na kalli finafinan nan fiye da yadda na yi niyya. Yara suna tafa wa mai tashi sama, ni kuma idona yana kan matar da ke jiran sa a gida.

Ki lura da kyau, kusan duk manyan jaruman nan marayu ne. Superman, wanda ya fara fitowa a littafin zane a 1938 aka kuma mai da shi katun a 1941, jinjiri ne da wasu manoma mata da miji suka tsinta suka raina. Batman na 1939 a gaban idonsa aka harbe uwa da uba, mai hidimar gidansu Alfred ya riƙe shi. Ni a ganina dabara ce ta masu rubutun. Yaron da uwarsa ke kansa, ina ya ga damar haura katanga tsakar dare? Ai kafin ya kai zaure an riƙo kunnensa.

Amma wadda ta tsaya min a rai ita ce Anti May. Stan Lee da Steve Ditko ne suka ƙirƙiro Spider-Man a 1962, sunansa na gaskiya Peter Parker. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, sai yayan mahaifinsa, Ben, ya ɗauko shi. Kin ga ke nan May ba gwaggonsa ba ce, ba kuma ƙanwar uwarsa ba. Matar baffa ce kawai, babu jini ko ɗigo tsakaninsu. Daga baya ɓarawo ya kashe Ben. Igiyar da ta haɗa ta da yaron ta tsinke ke nan. Ga takaba, ga tsufa, ga rashin kuɗi a wata unguwa ta New York da ake kira Queens. Da ta ce a zo a ɗauki yaro, wa zai ga laifinta? Ba ta ce ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda ni ma a wannan kujerar nake zaune. Ɗan yayan maigidana yana hannuna tun yana shekara 4, yanzu ya shiga 11. Duk wadda ta yi riƙo ta san abin da nake nufi. Ki tsawata, a ce, "Ai ba ita ta haife shi ba." Ki kawar da kai, a ce, "Ta bari ya lalace, da nata ne ai ba za ta bari ba." Naman miya ma sai kin auna shi da ido sau biyu, don akwai mai ƙirga miki. Kuma tun muna yara tatsuniya ta gama ɓata mu: kullum kishiyar uwa ce mai ba marainiya ƙanzo, mai aika ta rafi mai nisa. Ban ce babu irin su ba, wallahi akwai, kowa ta san gida ɗaya ko biyu. Sai dai ban taɓa jin an zaunar da yara an ba su labarin mai riƙon da ta yi daidai ba, sai a katun ɗin Turawa.

A fim ɗin Into the Spider-Verse na 2018, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2019, akwai wurin da ni kan ajiye tiren shinkafa in na zo shi. An kashe Peter ɗin da May ta raina, yana ɗan shekara 26. Ana nan sai ga wani Peter daga wata duniyar daban ya tsaya a ƙofar gidanta, ya manyanta, ya yi tumbi, duk ya gaji da rayuwa. Shi a can duniyarsu ya riga ya binne tasa May ɗin. Ita ta binne ɗa, shi ya binne uwa, ga su suna kallon juna. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi sumammiya ba. Duban sa ta yi irin duban da muke yi wa yaro in ya dawo daga makarantar kwana, ta gaya masa ya yi ƙiba. Ashe ma ta san sirrin ɗanta tuntuni, ita ke gadin ɗakin da ya ɓoye kayansa a ƙarƙashin ƙasa. Da miyagu suka shigo suna farfasa mata falo, gora ta ɗauka ta maka wa ɗayansu har waje. Nan kam na yi shewa, yara suka juyo suna kallona.

Jarumin wannan fim ɗin wani yaro ne baƙar fata, Miles Morales, kuma cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi a 2011 har da mace, Sara Pichelli, mai zane 'yar Italiya. Shi yana da iyayensa duka biyu, uba ɗan sanda, uwa nas. Amma May ce ta haɗa masa abin ɗaurawa a hannu mai feso zare, ta ajiye tana jiran ranar da zai dawo nema. Yaron da ko unguwarsu ba ɗaya ba.

Sai kuma Anti Cass ta Big Hero 6, fim ɗin Disney na 2014 da aka ɗauko daga littafin Marvel. Ita ta fi kama da mu. Tana da ɗan shagon shayi da abinci a ƙasan bene, tana riƙon marayu biyu, Tadashi da ƙaninsa Hiro mai shekara 14. Farkon ganin ta a fim ɗin, daga ofishin 'yan sanda ta karɓo su. Ta rungume su tukuna, sannan ta ja kunnuwansu, tana faɗa tana cusa abinci a baki don takaici. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa yin haka ba? Da Tadashi ya mutu a gobara, Hiro ya kulle kansa a ɗaki, ba ta yi masa dogon jawabi ba. Ta hau da abinci, ta tarar da na baya bai taɓa ba, ta ajiye sabon. Yara sun ce wurin nan ba daɗi, a wuce. Ni kuwa na san nauyin farantin nan.

Inda nake jin haushin masu finafinan shi ne yadda suke ɗaukar ɓoye wa mai riƙo gaskiya kamar wani abin burgewa. Har Big Hero 6 ya ƙare Cass ba ta san yaron da take dafa wa abinci yana fita yana kasada da ransa ba. Wai don kada hankalinta ya tashi. Kayya! Matar da ta yi jinyar ƙyanda da zazzaɓin dare ita ce ba za ta iya ɗaukar magana ba? Wannan ne ma ya sa ba na barin nawa yaron ya kalla shi kaɗai. Rannan da aka zo irin wurin na ce masa, "Kai in gizo-gizo ya cije ka, wa za ka fara gaya wa?" Ya yi shiru yana murza yatsun ƙafa, can ya ce, "Ke mana, Umma. Amma kada ki gaya wa Baba."

A cikin littattafan zanen kansu, wajen 2001, an rubuta ranar da asirin ya tonu. May ta shiga ɗakin Peter ta same shi yana barci, jiki duk rauni, ga yagaggiyar rigar Spider-Man a yashe. Ba ta tashe shi ba, ta fita. Sai da ta gama shanye abin ita kaɗai sannan ta zo suka zauna. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne shekarun da ya yi yana mata ƙarya don yana ganin ba ta da ƙwari. A zaman nan ne ita ma ta fito da abin da ta daɗe tana ɓoye masa: ranar da aka kashe Ben, sun ɗan samu saɓani ne ya fita daga gida, kuma tun daga ranar take ɗora wa kanta laifin mutuwarsa.