Kwana biyu a Damagaram

Kowace shekara, ranar 18 ga watan Disamba, Nijar tana bikin zama jamhuriya. Abin ya samo asali tun 1958. Akwai lokacin da bikin yake zagayawa jiha-jiha. Garin da zai karɓi baƙi, sai gwamnati ta yi masa gyara, a raɗa masa sabon suna. A 2015 an yi Maraɗi Kwalliya. A 2016 aka je Agadas, a 2017 Tawa. A 2018 layi ya zo kan Damagaram, aka ce da ita Zinder Sabuwa.

Mu nan Hawandawaki, a rediyo muka ji labarin. Sai bayan girbin 2023 Allah ya nufe ni da zuwa. Ba ciwo ya kai ni ba, ba kuma neman takarda ba. Kallo na je yi. Na san wani zai ce: «Malam, kallo kawai? Da kuɗinka?» I, kallo kawai. Ɗan ƙanen babana yana zaune a unguwar Zango, shi ya ba ni masauki.

Daga Tasawa mota ta ɗauki babbar hanya, ta yi gabas. Mun wuce Takeita, mun wuce Tirmini. Allon Tirmini ni na karanta shi da ƙarfi cikin mota. A nan ne dakarun Damagaram suka gwabza da Faransawa a 1899. Da yawa cikin fasinja sun sha bin hanyar, amma ba su san haka ba.

Gyaran da aka yi wa gari, gaskiya, ana ganinsa. Tituna masu faɗi, an malale su da kwalta. Ga fitilu jere. Ga wurin da manya suka zauna suka kalli fareti. Mun zagaya bisa kabu-kabu. Cikin awa guda na gama kallon wannan ɓangare. Titi mai kyau daɗi gare shi, amma titi titi ne, ko a Maraɗi ko a Yamai.

Washegari da sassafe muka shiga Birni, tsohuwar unguwa. Nan na yini.

Lunguna ne matsattsu, mota ba ta shiga wasunsu. Manyan duwatsu sun fito daga ƙasa, an gina gidaje a jikinsu. Gidajen na ƙasa ne. Amma ƴan uwa, ba irin ginin ƙasa da muka saba ba! Gaban zaure an zane shi da hannu, zane mai tudu, wani da launi, wani haka nan. Bisa soro ga zankwaye a tsaye kamar kunnen zomo. Ga indararo ya leƙo, yana jiran damina. Ka shiga zaure da rana tsaka, sai ka ji sanyi kamar bakin randa.

Fadar Sarkin Damagaram tana nan cikin Birni, da dogarai masu jajayen kaya a ƙofa. Sarkin da aka fi ambato shi ne Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar gari. A zamaninsa har igwa ake ƙerawa a Damagaram. Ayarin raƙuma suna tasowa daga Tarabulus, su sauka nan, su wuce Kano. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya rubuta abin da ya gani. Kun ga amfanin rubutu: mutumin ya daɗe da mutuwa, har yau ana karanta shi.

Kada mu manta, Damagaram ta taɓa zama babban birnin Nijar, zamanin Faransawa. A 1926 aka maida hedikwata Yamai. Cikin dalilan da ake faɗa har da ƙarancin ruwa. Garin bisa dutse yake zaune, rijiya ba ta samun ruwa da sauƙi. Daga nesa ake jawo shi. Na ga yara da jarkoki rawaya bisa amalanke, suna bin sabon titin nan mai fitilu. Abin ya tsaya mini a rai.

A wani lungu na tarar da wani dattijo magini yana yaɓe. Na gaishe shi, na zauna.

Na ce: «Baba, mi ya sa gidajen ga da yawa suka tsattsage?»

Ya ce: «Ɗana, ginin ƙasa kamar dabba ne, kowace shekara yana son kiwo. Kafin ruwa ya sauka sai a yi masa yaɓe, a duba azara, a buɗe indararo. Da, kowa ya san haka. Yanzu mai kuɗi bulo yake so da kwano. Maras kuɗi kuwa, abin da zai ci yake nema.»

Na ce: «Yara fa, suna koyo?»

Ya yi dariya, ya nuna mini titi da bakin cebur. Samari ne can bisa babura suna jiran fasinja.

Ba za ka ga laifinsu ba. Babur yana kawo kuɗin cefane yau. Zanen bango sai an samu mai so.

Wannan ya tuna mini wani gari na Turai mai suna Bilbawo. Yana arewacin ƙasar Sifen, a yankin mutanen da ake kira Bask. Da, garin ƙarfe ne da ƙera jiragen ruwa. Sai masana'antu suka mutu, mutane suka rasa aiki. Kogin da ya ratsa garin ya ƙazantu. A 1983 kuma ambaliya ta cinye tsohuwar unguwarsu. Ba su yi gyaran shekara guda ba. Sun gyara tsohuwar unguwar. Sun share shekaru suna tsabtace kogin. A 1995 suka buɗe jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Sai a 1997 suka buɗe babban gidan ajiye kayan zane, Gugenhaim, a bakin kogi, inda da tashar kaya take. Yanzu mutane wajen miliyan guda suke shiga gidan kowace shekara, suna kwana, suna cin abinci, suna barin kuɗi.

Mu ba mu da kuɗin Turawa, wannan kowa ya sani. Abin da na duba shi ne jerin aikin. Ruwa da gidajen mutane suna cikin abin da suka fara taɓawa. Abin kallo daga baya ya zo. Su sai da suka gina abin da zai jawo baƙi. Damagaram kuwa ta gaji nata tun kakanni. Yaɓe kawai yake so, da magini mai samun aiki. A ganina, da an rage kilomita ɗaya na kwalta an ba maginan Birni kuɗin, da gidaje masu yawa sun samu yaɓe.

Kafin in bar Birni, ɗan'uwana ya kai ni tsohon masallaci. Na ƙasa ne shi ma, an gina shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Na daɗe a tsaye ina duban bangon. Kauri gare shi, har wurin yatsun masu yaɓe ana gani. Daga nan muka biya kasuwar Dole, na sayi zabira wurin dukawa da takalma biyu na yara, na nemi motar Tasawa.

Damina mai zuwa, ta 2024, ruwa ya yi yawa a ƙasa duka. Ku ma kun san abin da ya yi wa ɗakuna da rumbuna. A farkon watan Satumba, muna zaune da dare, rediyo ya faɗa cewa tsohon masallacin Birni ya rushe.