Tsohon Babur: Kayan Tarihi a Can, Gwangwan a Nan

Idan aka sa ƙaramin babur ɗin daji irin Honda CT90 a kasuwa a Amurka, masu tara kayan tarihi ne ke rububinsa. An ƙera shi tsakanin 1966 da 1979 domin mafarauta da masu ratsa daji, da ɗan ƙaramin inji da giya ta musamman ta hawan tudu. Tambayar mai saye biyu ce: fentin na asali ne, kuma tafiyar kilomita nawa ya yi? Wanda ya fi shan ajiya shi ya fi tsada.

A Ikara da Maƙarfi da Kudan, ma'aunin daban ne, domin babur ba ya hutawa. Honda CG125, wanda ya fito a 1975, an tsara shi ne musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau, kuma ba a juye baƙin mai a kan kari. Shi da ire-irensa suka kai malamin gona ƙauyukan da mota ba ta shiga. Su suka fito da rake da mazarƙwaila daga fadamun Maƙarfi, suka ɗauko kwandunan tumatir a Ikara, suka kai mai naƙuda asibiti a Hunƙuyi cikin taɓon damina. Bakanike ya yi ta sauya musu kaya har ƙashin jikin kaɗai ya rage na asali.

Da Bajaj da baburan Sin suka cika kasuwa, sai aka jingine tsofaffin a zaure. Ƙarshensu sananne ne: mai gida ya rasu, ɗan gwangwan ya zo da sikeli, a biya magada kuɗin kilo, a narke ƙarfen.

Kada magada su yi mafarkin miliyoyi, don babur mai faci ba ya burge masu tara kayan tarihi. Asarar ta wani wuri ce. A can ana adana babur ɗin da bai yi aikin komai ba, a nan ana narkar da wanda ya ciyar da gida.

Saboda haka, kafin a kira mai sikeli, ya kamata a nemo takardun babur ɗin, a ɗauki hotonsa, a zaunar da dattijon da ya hau shi tun yana raye, ya lissafo garuruwan da ya kai shi da abin da ya ɗauko.