Jerin Gwanaye da Filin Gado

A damunar bara muka zauna a zauren gidanmu da ke Zangon Kumasi, mu 'yan uwa shida, a kan maganar autanmu. Ya kammala digirin lissafi, yana son wucewa Amurka ya yi digiri na biyu a fannin injiniyancin kuɗi, wato ilimin da ke haɗa lissafi da kwamfuta wajen auna haɗari da ƙiyasta farashi a kasuwannin hannun jari. Kuɗin makaranta da na zama dubun-dubatar daloli ne, mu kuwa ba mu da wata kadara da za ta kusanci wannan adadi sai fili ɗaya da mahaifinmu ya bar mana. Hujjar yaron tana cikin wayarsa: jerin gwanaye na QuantNet, wanda ke jera makarantun wannan fanni duk shekara daga ta ɗaya zuwa ƙasa.

Ba za mu ci amanar jerin ba, ya yi mana rana. Da a ce mu kaɗai ne, da sunayen da suka yi tashe za mu bi. A cikinsa muka fara ganin Baruch, kwalejin gwamnati a birnin New York, tana kafaɗa da kafaɗa da Princeton da Berkeley da Carnegie Mellon, alhali kuɗinta bai kai na yawancinsu ba. Ya kuma nuna mana abin da ake dubawa: yawan ɗaliban da suka sami aiki, albashin farko, da tsananin tantancewa wajen shiga. Wanda ke nesa, ba shi da ɗan uwa a can, wannan ba ƙaramin haske ba ne gare shi.

Sai dai babbar yayarmu ta yi tambaya ɗaya: wa ya ba da waɗannan alƙaluma? Amsar ita ce, galibinsu daga makarantun suke fitowa, wato mai kaya ne ke yabon kayansa. A shekarar 2022, a wani jerin dabam na mujallar U.S. News, Jami'ar Columbia ta faɗo daga matsayi na 2 zuwa na 18 bayan da malaminta na lissafi, Michael Thaddeus, ya nuna shakku a kan alƙalumanta. Haka kuma jerin Risk.net, wanda ya haɗa da makarantun Turai, tsarinsa ya sha bamban, domin kowa da mudun da yake awo.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da ba a auna ba sam. Albashin nan mai ɗaukar ido na wanda ya zauna ya yi aiki a can ne. Baƙon ɗalibi a irin wannan fanni yana iya samun izinin aiki har na shekara 3, daga nan kuma bizar aiki ƙuri'a ake jefawa. Idan ƙuri'a ba ta faɗo kansa ba, zai dawo Akara yana karɓar sidi, bashinsa kuwa na dala ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba mu sayar da filin ba, ba mu kuma kashe wa yaron gwiwa ba. Daga jerin muka zaɓi makarantu biyar, ya rubuta wa tsofaffin ɗalibansu 'yan Afirka yana tambayar abu uku: nawa suka kashe, wata nawa suka yi kafin samun aiki, kuma ina suke yanzu. Kafin amsoshin su taru ya shiga karatun WorldQuant University, wanda ake yi ta intanet kyauta, yana neman tallafin karatu a gefe.

'Yan uwa, idan naku yaron ya kawo muku irin wannan jeri, ku karanta shi tare. Amma kada ku yi cinikin biri a sama da gadon gida saboda lamba ɗaya.